Aikin ɓeraye da garkuwar jiki: abinda ake ciki daga Gombe

7 ga Oktoba 2025

Yau dai Malam ya sa hannu a kan taken aikin digirina na biyu, alhamdulillah. A taƙaice aikin shine zamu ɗauki lafiyayyun ɓeraye mu kunna musu saƙo guda ɗaya tak a cikin garkuwar jikinsu, mu ƙi bari ya mutu, sannan mu bi diddigi mu ga ta ina jiki yake juyowa ya fara yaƙar kansa. Saƙon da muka zaɓa na TLR7 ne, wani makarɓi da ke zaune can cikin wasu ƙwayoyin garkuwa, aikinsa na asali ya shinshino RNA ɗin bairos ya yi kururuwa. To akwai wani man shafawa, imikwimod, ana saida shi da sunan Aldara dan maganin tsiron fata, shi kai tsaye yake zuwa ya taɓa TLR7 ko babu bairos ko ɗaya a jiki. Dalilin kenan da yasa aikin zai yiwu a nan Gombe, ba sai mun yi odar ɓerayen da aka canja wa ƙwayar gado daga Amurka da dala ba.

Kuma abin ya zo daidai da labarin jiya, an ba Mary Brunkow da Fred Ramsdell da Shimon Sakaguchi kyautar Nobel ta fannin likitanci, kuma wallahi tushen aikinsu ɓera ne. A 1949 a Oak Ridge ta Amurka aka ga wasu ɓeraye maza suna fitowa da fata mai ɓawo, saifa a kumbure, kaluluwa ko ina, kafin su cika wata ɗaya sun mutu. Shekara hamsin da ɗoriya ana kiwon zuriyarsu ba a san ainihin inda matsalar take ba, sai 2001 Brunkow da Ramsdell suka gano ƙwayar gado ɗaya ce ta lalace, Foxp3. Shi kuma Sakaguchi tun 1995 ya nuna a cikin ƙwayoyin T, wato wani rukuni na sojojin garkuwar jiki, akwai waɗanda aikinsu tsawatar wa sauran, a 2003 aka haɗa zancen biyu aka ga Foxp3 ce ke gina waɗannan masu tsawatarwar. In babu su, sauran ƙwayoyin T su afka wa fata da hanta da huhu. Yara maza masu irin wannan lalacewar su ma akwai su, cutar IPEX ake ce mata.

21 ga Oktoba

Takarduna suna gun kwamitin ɗa'ar bincike, sai sun amince za a taɓa dabba ko ɗaya, kuma haka ya kamata. Kafin nan karatu nake.

Shekaranjiya na je tashar Dukku kai saƙo, wani mai maganin gargajiya da lasifika a saman motarsa yana ta tallan maganin ƙara ƙarfin garkuwar jiki, mutane sun kewaye shi ana miƙa kuɗi. Abin ya tsaya min a rai har na dawo gida, dan duk abinda nake karantawa kwanan nan yana nuna cewa zancen garkuwa ba zancen ƙarfi da rauni bane kawai, zancen wane saƙo aka aika, wa ya ji shi, kuma har tsawon yaushe.

Ga misali da IL-2. Sitokayin ce, wato ɗan furotin da ƙwaya ke fitarwa dan ta yi wa 'yar'uwarta magana, kuma da farko an san ta ne a matsayin abinda ke sa ƙwayoyin T su hayayyafa. Kowa ya ɗauka in aka cire ta daga jikin ɓera zai zama mara garkuwa. A farkon shekarun 1990 aka cire a Jamus, sai ga ɓeraye da kumburin hanji mai tsanani, jikinsu yana fasa jajayen ƙwayoyin jininsu da kansa, wato garkuwar ma haukacewa ta yi. Daga baya aka gane su masu tsawatarwar nan basa iya yin IL-2 nasu, sai dai su karɓa daga wasu, ta sauka a kan makarɓinta ta tada furotin masu kai saƙo ciki, JAK1 da JAK3, su kuma su tada STAT5 ya shiga cibiyar ƙwaya ya riƙe Foxp3 a kunne. Kaman a hana saida fetur a gari dan a karya ɓarayi masu babur ne, sai a wayi gari baburan 'yan sintiri ne suka fara tsayawa.

Wanda ya fi ɗaure min kai ma ɓeran SKG ne, na ɗakin binciken Sakaguchi, 2003. Wani furotin mai suna ZAP-70 da ke ɗaukar saƙo daga makarɓin ƙwayar T zuwa ciki ne ya samu 'yar tangarɗa, saƙon ya rage ƙarfi. Rage ƙarfi fa, ba ƙaruwa ba. Amma ɓeran amosanin gaɓɓai yake yi. Dalili, a cikin timus, wata 'yar gaɓa da ke cikin ƙirji, ake tantance ƙwayoyin T tun suna ƙanana, duk wadda ta kama naman jiki da ƙarfi sai saƙo mai ƙarfi ya tashi a cikinta a kashe ta nan take. To in wayar da ke kai saƙon ta yi sanyi, mugayen sai su wuce tantancewa salin alin su fito gari. Da mai lasifikar nan zai saurare ni da wannan zan faɗa masa.

4 ga Nuwamba

Kwamiti ya amince, ɓeraye sun iso daga Vom jiya da yamma a cikin kwando mai ramuka, direban ya ce tun daga Bauchi yake tsayawa yana leƙa su saboda zafi. Farare ne, mata duka, 'yan wata biyu. Mata muka zaɓa da gangan, na ɗaya dan irin waɗannan cututtukan sun fi kama mata, na biyu kuma fitsarin ɓera namiji dama can cike yake da furotin ko lafiyarsa ƙalau, zai rikita mana gwajin ƙoda nan gaba.

Baba mai kula da ɗakin dabbobi ya zuba musu sabon garin katako, ya ce a barsu sati guda su huta kar wanda ya dame su. Da na yi masa bayanin aikin sai ya tsaya da tsintsiya a hannu ya ce, "Yanzu 'yata, kina nufin garkuwar da Allah ya sa wa mutum dan ta kare shi ita ce zata koma ta ci shi?" Na ce eh Baba, ciwon sugan da ke kama yara ƙanana ma haka ne, ƙwayoyin T ne ke cinye ƙwayoyin da ke yin insulin. Ya daɗe shiru sannan ya ce akwai jikar maƙocinsa da ake wa allura kullum, Allah ya ba ta lafiya.

Abu ɗaya da dole in rubuta a cikin aikin ƙarara: ɗakinmu tsaf yake amma ba irin ɗakunan da ake tace iska da ruwa a hana kowace ƙwayar cuta shiga bane, kuma wannan ba ƙaramin abu bane a wannan fannin. Ɓeran NOD, wanda aka fitar a Japan a 1980 yake yin ciwon suga da kansa, ya fi kamuwa in ɗakin ya yi tsabta sosai. Shi kuwa SKG akasin haka, in aka sa shi a wuri mai tsananin tsabta amosanin ba ya tashi sai an yi masa allurar wani sinadari na bangon fangas. Ƙwayar gado ɗaya, ɗaki daban, sakamako daban. Ɓerayenmu kuma ba 'yan zuriya ɗaya tsantsa bane irin BALB/c, dan haka zasu ɗan sha bamban da juna, dole mu yi la'akari da wannan wajen lissafi.

10 ga Nuwamba

Mun fara zangon gwaji na kwana shida. Hanyar da masu bincike na Rotterdam suka wallafa a 2009 muke bi: a aske bayan ɓera, a shafa miligiram 62.5 na man kullum. Ƙunshi ɗaya na Aldara miligiram 250 ne, kenan ɓera huɗu yake yi wa a rana, kuma da tsadar da ya yi ko ɗigo bana bari a jikin leda. Rukuni ɗaya mai, ɗayan Vaseline zalla. Kowace da kejinta dan kar su lashe wa juna.

Askin ma aiki ne. Baba ne ke riƙe ɓera ta fatar wuya, wutsiya a tsakanin ƙaramin yatsa da tafin hannu, ni kuma ina bi da ƙaramar kilifa a hankali dan in aka ji wa fatar ciwo ko kaɗan to kumburin da zai biyo baya ba za a san na mai bane ko na rauni.

13 ga Nuwamba

Ya fara. Bayan masu mai ya yi ja, in ka kama fatar da ma'aunin kauri zaka ji ta ƙara nauyi a hannu, biyu daga ciki har farin ɓawo ya soma fitowa siriri. Na Vaseline kuwa fata luwai, gashi ma ya fara tsirowa. Maki muke badawa daga 0 zuwa 4 a kan abu uku, ja da ɓawo da kauri, amma ba ni ke bayarwa ba, wata ƙawata 'yar sashen fisiyoloji ce da bata san wace ɓera ke wane rukuni ba, lambobin suna cikin aljihun Baba a rubuce.

Masu man sun ɗan rame, suna takurewa a lungu. Wannan sananne ne a wannan gwajin, man ba a fata kaɗai yake tsayawa ba. Mun jiƙa musu abinci da ruwa mun ajiye a ƙasan keji dan kar su wahala wajen miƙewa. Bana jin daɗin ganinsu haka, amana ce a hannunmu, kuma ƙa'idar da muka sa wa hannu ita ce duk wadda ramarta ta kai kashi 20 cikin ɗari na nauyinta a cire ta daga gwajin. Babu wadda ta kusa nan zuwa yanzu.

17 ga Nuwamba

Jiya muka rufe zangon. An sa musu maganin barci mai zurfi kafin komai, kaman yadda kwamiti ya gindaya. Da muka jera saifa a kan farar takarda ko ba sikeli zaka raba su gida biyu, ta masu Vaseline siririya ja mai duhu, ta masu mai ta yi ɓul-ɓul ta ƙara tsawo. A fatar baya aka shafa abu amma ga amsarsa a cikin ciki. Fata tana cikin fomalin, gobe za a kai ɗakin yanka silaid.

2 ga Disamba

Silaid sun dawo, na wuni a kan maikiroskof har idona ya yi ja. A fatar Vaseline saman fatar siriri ne, layi biyu ko uku na ƙwayoyi. A ta mai kuwa ya ninninka, ƙwayoyin saman da ya kamata a ce sun zubar da cibiyarsu kafin su iso waje suna nan da ita dan gaggawar da aka sa su, ga niyutirofil, fararen ƙwayoyin jini masu rugawa wurin kumburi, sun taru cunkus a ƙarƙashin ɓawo. Irin hoton soriyasis sak, cutar fatar nan ta mutane mai sa ja da ɓawo.

Yadda zancen ke tafiya a cikin fatar shine, mai ya taɓa TLR7 a ƙwayoyin dendiritik, masu gadin da ke sanar da sauran garkuwa, TLR7 ya kira MyD88, daga nan a tada NF-kB, ƙwayar ta fitar da sitokayin IL-23. IL-23 ta sauka a kan wasu ƙwayoyin T na fata ta bi ta JAK2 da TYK2 zuwa STAT3, su kuma su saki IL-17 da IL-22. IL-17 ta ce wa ƙwayoyin fata ku kira niyutirofil, IL-22 ta ce ku hayayyafa, su ƙwayoyin fatar kuma su sake fitar da nasu saƙon da ke ƙara jawo ƙwayoyin garkuwa, abu ya zama zagaye. 'Yan Rotterdam sun nuna in ɓera ba shi da IL-23 ko makarɓin IL-17, ka shafa man duk yadda kake so cutar bata tashi yadda ya kamata.

Na kai wa Malam hotunan ina murna, ya duba ya duba, ya cire tabarau ya ce, "To madalla, hannunki ya faɗa. Amma faɗa min, in kika daina shafa man me zai faru?" Na ce fatar zata warke cikin kwanaki, ranka ya daɗe. Ya ce, "To ina yaƙar kai a nan? Wane naman jikin ne garkuwar ta riƙe a matsayin abokin gaba?" Gaskiyarsa. Wannan kumburi ne da muka kunna da hannunmu, yana bin hanyar da soriyasis ke bi, amma babu shaidar cewa jiki ya koyi ƙin kansa. Kuma a ɓera yawancin IL-17 ɗin daga ƙwayoyin T na gamma-delta yake fitowa, a fatar mutum kuwa ba su ne kan gaba ba. Har ma an nuna a 2013 cewa shi kansa man da aka kwaɓa maganin a ciki yana tada nasa kumburin ba ta hanyar TLR7 ba, kenan Vaseline ba cikakken ma'auni bane. Duk zan rubuta su.

Malam ya ƙara min da tarihin da ya ce kar in manta. Akwai gwajin ɓera na cutar MS, wadda garkuwa ke cin rigar jijiyoyi, ana yi wa ɓera allurar wani guntun furotin na jijiya sai wutsiya ta saki, sannan ƙafafun baya su shanye. An daɗe ana ɗora laifin a kan IL-12, sai a 2003 aka nuna IL-23 ce, rikicin ya zo ne dan su biyun suna da ɓangare ɗaya da suka yi tarayya a kai, p40. Aka yi maganin da ke toshe p40, ustekinumab, ya yi aiki sosai a soriyasis, amma da aka gwada shi a masu MS bai yi komai ba. Toshe TNF, wata sitokayin mai tada kumburi, shi ma ya taimaki ɓeraye a wasu gwaje-gwajen, a mutane masu MS sai ya ƙara musu tashin ciwon, alhali shi ɗin dai shine ya canja rayuwar masu amosanin gaɓɓai. Ta ɗaya gefen kuma, a 1994 aka nuna a Faransa cewa maganin da ke kama CD3, wani furotin a jikin ƙwayoyin T, yana dawo da ɓeran NOD daga ciwon suga, aka yi ta fama har 2022 kafin Amurka ta amince da irinsa na mutane, teplizumab, wanda ke jinkirta bayyanar ciwon da kusan shekara biyu. Shekara 28 tsakanin ɓera da asibiti.

15 ga Disamba

Mun zauna mun tsara zango na biyu, wanda shine ainihin aikin. Maimakon mai da yawa a baya na kwana shida, ɗan kaɗan za a riƙa shafawa a kunne sau uku a sati har sati takwas. A 2014 masu bincike a Japan suka nuna in aka yi haka, ɓera lafiyayye yana fara yin antibodi, furotin ɗin da garkuwa ke yi dan kama abokin gaba, a kan DNA ɗinsa, saifa ta kumbura, ƙoda ta kamu, wato hoton lufus, cutar da garkuwa ke afka wa sassan jiki da dama. Nan ne amsar tambayar Malam take, dan a nan jiki ya riƙe abinsa a matsayin abokin gaba.

Zancen TLR7 da lufus yana da tushe mai ƙarfi, shi yasa na nace a kansa. Akwai ɓeran BXSB da mazansa ne suka fi yin lufus mai tsanani saɓanin yadda aka saba, a 2006 aka gano wani yanki na kuromosom X mai ɗauke da TLR7 ne ya kwafu ya manne a Y, suka zama suna da kwafi biyu masu aiki. Ninki biyu kawai, ya isa. A shekarar dai aka nuna in ka cire TLR7 daga ɓeran lufus ciwon yana sauƙi, amma in ka cire ɗan'uwansa TLR9 mai shinshinar DNA sai ciwon ya ƙaru, abinda ba wanda ya zata. Sannan 2022, wata yarinya 'yar Sifen da ta kamu da lufus mai tsanani tana shekara 7, aka samu canjin harafi ɗaya a TLR7 ɗinta da ke sa shi saurin tashi, aka sa wannan canjin a ɓera a Ostireliya, ɓeran ya yi lufus. Kuma tunda TLR7 a kan X yake, mace na da X biyu, kuma a wasu ƙwayoyin garkuwarta duka biyun suna magana, wannan na cikin bayanin da ake bayarwa na me yasa kusan tara cikin goma na masu lufus mata ne.

Ni wannan ba karatu bane kawai a guna. Ina da 'yar gwaggo da ta shekara biyu ana ce mata taifot ne, maleriya ce, sanyi ne, wasu har suka ce sammu, gashinta na zuba gaɓɓanta na ciwo, kafin wani likita ya yi tunanin lufus ya tura jininta gwaji. Yanzu tana kan haidiroksikulorokwin kuma ta koma koyarwarta.

Shi wannan maganin ne rukuninmu na uku, wato ɓerayen da zasu samu mai da maganin tare. Ƙanin kulorokwin ne da duk muka sha muna yara, yana da araha, akwai shi a kemis. Bayanin da aka saba bayarwa shine yana rage tsamin 'yar jakar da TLR7 ke zaune a ciki sai makarɓin ya kasa aiki. Amma a 2011 wasu a Sulobeniya suka nuna kulorokwin yana manne wa DNA da RNA ɗin ne da kansu ya rufe su, kuma bai hana ƙaramin sinadari ɗan gidan su imikwimod tada makarɓi ba. In haka ne, to maganin ba lallai ya hana saƙon farko da man ke kunnawa ba, amma zai iya katse zagaye na biyu, inda ƙwayoyin jiki da suka mutu ke zubar da RNA da DNA, antibodi ya kwashe su ya kai wa ƙwayoyin B masu yin antibodi da na dendiritik, su fitar da wata sitokayin mai suna intaferon, intaferon ta bi ta JAK1 da TYK2 ta ƙara yawan TLR7 ɗin, a sake komawa farko. Hasashena kenan: kunne zai yi ja a rukunin magani kaman na marasa magani, amma antibodi da ƙoda zasu fi sauƙi. In ya fito akasin haka ma sakamako ne, haka zan rubuta shi.

12 ga Janairu 2026

An fara. Sabbin ɓeraye, rukuni uku, Litinin da Laraba da Juma'a ake shafawa a kunnen dama. Maganin kuma ta baki kullum da safe da ɗan siririn bututu mai dunƙulallen kai, sauran rukunan ana basu ruwa ta wannan hanyar dan kowa ya sha irin wahalar da ɗan'uwansa ya sha. Hunturu ya sauko sosai, da asuba ɗakin sanyi ƙarara, Baba ya toshe tagogi da kwali ya ƙara musu garin katako da yagaggen tishu su yi sheƙa. Sanyi kansa yana taɓa garkuwar ɓera, dan haka na rataye ma'aunin zafi a bango ina rubutawa safe da yamma.

29 ga Janairu

Sati na uku. Kunnuwan dama sun yi ja sun yi kauri a rukuni biyun da ke samun mai, ƙawata mai bada maki ta ce ita dai bata ga bambanci a tsakanin kejin ba, kuma bata san wanne ne wanne ba. Ya yi daidai da rabin farko na hasashena amma rabin farkon shine mai sauƙi.

Fitsari muke gwadawa duk Alhamis da tsinken gwaji irin na awon ciki. Ka ɗaga ɓera a kan faranti mai tsabta yawanci da kanta take sakin ɗigo biyu uku, ka dangwala, ka jira minti ɗaya ka haɗa kalar da ta jikin kwalba. Har yau babu abin a zo a gani, kuma ban yi tsammani ba tun yanzu, ƙoda ita ce ƙarshen kamuwa.

10 ga Fabrairu

Mun wuce rabi. Mun ɗibi jini kaɗan daga jijiyar wutsiya jiya, mun juya shi a injin mun raba ruwan saman, yana firiza. Firizar ce damuwata yanzu, an ɗauke wuta kusan kwana biyu a satin da ya wuce, sai da muka kwashe samfur a kula da ƙanƙara muka kai wani ɗakin gwaji mai sola a cikin gari, Allah ya saka wa mai wurin da alheri ko sisi bai karɓa ba. Antibodi yana da juriya amma narkewa da daskarewa akai-akai na lalata shi, dan haka kowane samfur na raba shi ƙananan kwalabe uku, wanda za a buɗe sau ɗaya kawai.

Wasu daga cikin masu mai in ka shafa gefen cikinsu na hagu a hankali kana jin saifar a ƙarƙashin yatsa. Tsinken fitsari ya ɗan canja kala a guda biyu ranar Alhamis, lambarsu na gun Baba, ban tambaya ba kuma ba zan tambaya ba sai an gama.

Kit ɗin ELISA na auna antibodin DNA har yanzu yana hanya, wanda muka ba odar ya ce ƙarshen wata. Na intaferon kuɗinmu bai kai ba, Malam ya ce mu adana rabin saifar kowace ɓera a daskare ko Allah zai kawo wani tallafin a auna daga baya. Satukan ƙarshe zasu faɗo cikin azumi, ranar 9 ga Maris zamu kammala, dan haka na roƙi Baba mu mayar da shafa mai da bada magani ƙarfe bakwai na safe tun daga Litinin mai zuwa, ya ce ba damuwa in dai zan riƙa zuwa da makullin ƙofar baya.